Tukunya a Cikin Aji: Koyar da Faransanci ta Hanyar Girki

   

A wannan taro da sashen Faransanci ya shirya, mai ɗauke da iyaye da malaman sakandare da ɗalibai da za su riƙe alli gobe, an nemi in yi magana a kan koyar da Faransanci ta hanyar girki. Na san a cikinmu akwai wanda ya ga taken ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? To, ina roƙonsa ya ara mini kunnensa. Maganar tawa ɗaya ce: yaro ba ya riƙe harshen da bai taɓa bukatarsa ba, girki kuwa yana daga cikin hanyoyi mafi sauƙi da malami zai bi ya haifar da wannan bukata a cikin aji. Zan kawo ta a kan batutuwa shida.

Na farko, halin da muke ciki. Duk ƙasashen da Najeriya ta haɗa iyaka da su ta tudu, wato Benin da Nijar da Cadi da Kamaru, ana aikin gwamnati da makaranta a cikinsu da Faransanci. A 1991 aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry domin ɗalibanmu na jami'a. A 1996 Janar Sani Abacha ya shelanta cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, daga baya aka shigar da shi cikin kundin manufofin ilimi na ƙasa. Shekara kusan talatin ke nan. Yanzu ku ɗauko yaron da ya gama ƙaramar sakandare. Zai gaishe ku da Faransanci, zai rera muku aikatau être da avoir daga sama har ƙasa ba tuntuɓe. Amma ku ajiye shi a kasuwar Maraɗi ko ta Kwatano, ku ce ya sayo albasa da mai ya karɓo canji, sai bakin ya mutu. A kasuwar nan kuwa akwai direban babbar mota da bai taɓa zama a aji ba, yana ciniki, yana jayayya da jandarma a kan takarda, duk da Faransanci. Ya fi yaron nan ƙwaƙwalwa ne? A'a. Shi dai in bai yi magana ba, ba zai wuce shinge ba, ba zai ci abinci ba. Yaron kuwa ko ya yi shiru shekara uku, ba abin da zai rasa sai maki.

Wani zai ce ai Nijar ma ta sauke Faransanci. Haka ne, a 2025 dokar ƙasar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, abin farin ciki ga duk Bahaushe. Sai dai dokar nan ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma tashoshin ruwa na Kwatano da Lome da Abijan da Duwala ba su daina amfani da shi ba. Muna koyonsa ne domin mu yi magana da maƙwabtanmu, kafin ma a kai ga Faris.

Na biyu, wannan dabara ba jiya aka ƙirƙiro ta ba. Akwai wani malami Bafaranshe, François Gouin, da ya tafi Jamus a ƙarni na 19 don ya koyi Jamusanci. Ya kulle kansa a ɗaki ya haddace littafin nahawu, ya haddace aikatau, har ƙamus ya haddace, amma in ya fito aka yi masa magana ba ya ganewa. Da ya koma gida sai ya tarar da ɗan ɗan'uwansa, yaro ɗan shekara uku ko ƙasa da haka, ya iya Faransanci a tsawon lokacin da shi ya kasa Jamusanci. Wata rana aka kai yaron gidan niƙa. Da suka dawo sai ya shiga kwaikwayon abin da ya gani: yana cika ɗan buhu, yana ɗauka, yana zubawa, yana juya dutse, kowane aiki kuma yana faɗinsa da baki, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan Gouin ya gane cewa harshe yana zama a kai ne in an jera shi bisa jerin ayyuka, kuma aikatau shi ne ginshiƙi. Ya wallafa littafinsa a 1880. Ku dubi takardar girki, mene ne a cikinta in ba jerin ayyuka ba? Wanke, fere, yanka, zuba, juya, rufe, sauke. Wanda ya sauya jerin, tukunyar da kanta za ta nuna masa.

A shekarun 1960 wani masani a Amurka, James Asher, ya gina hanyar koyarwa a kan umarni da motsin jiki: malami ya faɗa, ɗalibi ya aikata tun kafin a tilasta masa yin magana. A 2001 Majalisar Ƙasashen Turai ta fitar da ma'aunin nan na ƙwarewar harshe mai matakai daga A1 zuwa C2, wanda jarrabawar Faransanci ta DELF ke bi a yau, ta kuma ɗauki mai koyo a matsayin mutumin da ke da aikin da zai gabatar da harshen. A Jami'ar Newcastle ta Ingila kuma, Farfesa Paul Seedhouse da abokan aikinsa sun gina kicin mai magana da Faransanci. An saka ƙananan na'urori masu jin motsi a jikin wuƙa da cokali da sauran kayan aiki, kwamfuta tana ba da umarni, in ɗalibi ya aikata sai ta wuce zuwa mataki na gaba, in ya ruɗe ya nemi a maimaita masa. Daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa Jamusanci da Italiyanci da wasu harsunan. Ba na kawo wannan don mu yi sha'awar na'ura ba. Abin da na'urar ke yi, ɗalibi ɗaya riƙe da takarda zai yi wa ɗan'uwansa.

Na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe: me ke cikin tukunyar na ainihin harshe? Domin in babu, to biki muka yi ba darasi ba.

Akwai umarni. Coupez, versez, mélangez, ajoutez. Malami na iya shafe mako biyu yana rubuta sigar umarni a allo. A gaban tukunya kuwa, yaron da aka ce masa versez ya ɗauki wuƙa, 'yan rukuninsa ne za su gyara masa nan take, kuma ba zai sake mantawa ba, don hannunsa ya shaida.

Akwai waɗannan ƙananan kalmomi da ke wahalar da kowa: du, de la, de l', des. Mu da Hausa cewa muke "miƙo gishiri", ba ma saka komai a gabansa. Bafaranshe sai ya ce du sel, de la farine, de l'eau, des œufs. In an ambaci awo sai su koma de kaɗai, un kilo de riz. In an kore ma haka, pas de sucre. Ba na jin akwai wurin da waɗannan ke maimaituwa a bakin mutum kamar wurin girki. A zama ɗaya yaro zai faɗe su sau da yawa ba tare da ya san atisaye yake yi ba.

Akwai jinsi. A nan ina so malamai su lura da wata garaɓasa da muke zubarwa. Ɗan Bahaushe ya riga ya san cewa abu marar rai yana da jinsi. Yana cewa tukunya ta fashe, tulu ya fashe, ba wanda ya koya masa a aji. Ingilishi ba shi da wannan. Idan muka bi ta Ingilishi kaɗai muka bayyana masa le da la, mun mayar masa da abin da ya sani tun yana goye ya zama baƙo. Ku gaya masa da Hausa: tsarin iri ɗaya ne, rabon ne ya bambanta. Tukunya mace ce, la marmite ma mace. Gero namiji, le mil namiji. Amma wuƙa mace ce a wurinmu, le couteau namiji. Nama namiji, la viande mace. Shinkafa mace, le riz namiji. Ku manna wa kowane abu takarda mai sunansa, na maza launi ɗaya na mata wani, yaro yana ɗauka yana gani.

Akwai furuci. Kun san yadda bakinmu ke haɗa p da f, da kuma b da v. A Faransanci pain burodi ne, faim yunwa. Beurre man shanu, verre kofin gilashi. Poisson kifi, poison guba, boisson abin sha. A cikin littafi waɗannan jerin kalmomi ne kawai. A kan tebur kuwa, wanda ya nemi man shanu aka miƙo masa kofi zai gyara leɓensa da kansa, ba sai an daka masa tsawa ba.

Sai lissafi. Saba'in a Faransanci sittin da goma ne, tamanin ashirin sau huɗu, casa'in ashirin sau huɗu da goma, ko da yake a Beljiyam da Suwizalan suna da septante da nonante. Yara kan ga abin kamar almara. To ku tuna musu cewa 'yan'uwanmu na Nijar da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya faran 5, don haka faran 100 dala ashirin ne, kuma tsohuwa mai ƙosai ba ta taɓa kuskurewa. Ku ba su ƙullin crêpes, wannan siririyar wainar fulawa da Faransawa ke yi musamman ranar 2 ga Fabrairu: fulawa giram 250, ƙwai 4, madara rabin lita, ɗan gishiri da ɗan man shanu. Ku ce wannan na rukuni ɗaya ne, mu kuwa rukuni takwas ne, nawa za a sayo? Su ninka, su faɗa da Faransanci. Malamin lissafi ma zai gode muku.

In an sauke tukunya, shuɗaɗɗen lokaci ya zo da kansa. Me kuka yi? Nous avons lavé, j'ai coupé, elle a mélangé. Labarin nasu ne, yanzu suka yi shi, ba na wani Pierre da ke cikin littafi ba.

Na huɗu, wace tukunya za mu ɗora? Littattafan da ake shigo mana da su cike suke da cuku iri-iri da kayan marmarin da yaron Gumel ko Argungu bai taɓa gani ba. Sai ya zama yana fama da baƙon abu da baƙuwar kalma a lokaci guda. A ganina mu fara da tamu. Kuɓewa gombo, wake niébé, dawa sorgho, gyaɗa arachide, aya souchet, tsamiya tamarin, daddawa soumbala, citta gingembre. Waɗannan Faransanci ne sosai, su ake ji a kasuwannin Yamai da Wagadugu da Bamako. Albasar Galmi ma da sunan garinta ta yi suna a Faransanci, violet de Galmi. Daga nan a tsallaka maƙwabta. Zoɓonmu shi ne bissap a Senegal, foléré a Kamaru. Akwai ceebu jën na Senegal, dafa-dukar shinkafa da kifi, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin gadon al'adun duniya a 2021, da attiéké na Kwaddibuwa da ake yi da rogo, wanda aka saka a 2024. Sannan a isa Faransa, a yi wainar ƙwai irin tasu, a yi ratatouille na yankin kudu, wanda kayansa su ne tumatir da albasa da tattasai da dangin yalo da na kabewa.

Abin da UNESCO ta karrama na Faransawa a 2010 ma ba wani kwano guda ba ne, zaman cin abincin ne kansa: yadda ake taruwa don biki, a jera abinci kashi-kashi, a daɗe ana ci ana hira. Wannan ƙofa ce ta tattaunawa. Su suna cewa bon appétit, mu muna yin bisimilla, kuma duk wanda ya iske mu muna ci sai mun yi masa tayi. Su kowa da farantinsa, mu kwano ɗaya. Yaro ya bayyana wa baƙo ladabin cin abincinmu da Faransanci, ya san ba abin kunya a ciki.

Aikin gida da na fi so shi ne a tura yaro wurin kakarsa ya tambayo yadda ake dambu ko miyar kuka ko fura, ya rubuto da Faransanci. Zai dawo da matsala, kuma matsalar ita ce darasin. Kaka ba ta san giram ba. Da mudu da gwangwani da ludayi take awo, sauran kuma ido ne da hanci, ta ce a bar shi har sai ya yi. Dole yaron ya auna, ya duba agogo, ya nemo yadda zai bayyana surfe da bakace da tuƙi ga wanda bai taɓa riƙe muciya ba. A ƙarshen zango aji ya tattara ɗan littafin girke-girken garinsu. Iyayenmu mata da ke zaune a nan, a wannan aiki ku ne malamai.

Na biyar, yadda za a tsara zaman, domin a nan ne abin ke lalacewa. Idan malami ya shigo da kaya ya ce a dafa, yara za su dafa, su yi ta hira da Hausa, su ci su watse, ba kalma ɗaya ta Faransanci da ta shiga. Maganin wannan ba bulala ba ce, ba kuma tarar wanda ya yi Hausa ba. A tsara aikin yadda ba zai yiwu ba sai da Faransanci.

Kafin ranar, a yi darasi ɗaya ko biyu a kan kayan da aikatau, a riƙa ɗaga abin ana taɓawa. A ba su 'yan jimlolin ceto: Répétez, s'il vous plaît, Je n'ai pas compris, Attention, c'est chaud. Ranar girki a raba su rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida. Ɗaya ne kaɗai ke riƙe da takardar, shi kuwa ba ya taɓa kaya. Masu taɓa kaya kuma ba sa ganin takardar. Kayan duka suna kan tebur guda a matsayin kanti, da mai kanti da kuɗin takarda, kuma mai kanti ba ya jin kowane harshe sai Faransanci. Kana son gishiri? Sai ka nema, ka faɗi nawa, ka biya, ka ƙirga canji. A sauya matsayi a tsakiyar aiki domin mai kunya ma ya samu nasa rabo. Malami ya rage baki, ya zagaya da takarda yana rubuta kurakuran da ya ji, kada ya tsinke yaro a tsakiyar jimla wuƙa na hannunsa. Washegari a zauna a kan kurakuran, a fito da ƙa'idar nahawu a allo, a yi rubutu. Wanda ya tsallake wannan zama na washegari ya yi asarar rabin wahalarsa.

Na shida, abubuwan da na san za a tayar.

Kuɗi da cunkoso. Ajin da ke da yara tamanin, ba kicin, ba gas, yaya za a yi? Ba kowane girki ke son wuta ba. Haɗin 'ya'yan itace na mangwaro da gwanda da ayaba da kankana ya ishi darasin yanka da awo da launi. Kwaɗon zogale, in an zo da ganyen a dafe, sauran aikin daka ƙuli-ƙuli ne da yanka albasa da gaurayawa. Damun fura da nono ma haka. Kowane yaro ya zo da abu ɗaya daga gida. Inda akwai ɗakin koyon tattalin gida, a haɗa kai da malamarsa. Inda za a kunna wuta, murhu ɗaya ya isa, babba na tsaye a kai, da ruwan wanke hannu da sabulu, kuma a tambayi iyaye tun da wuri ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko madara ko ƙwai.

Yara maza. Wani uba zai ce ban kawo ɗana makaranta don a mayar da shi kuku ba. Alhaji, wa ke yin tsire da kilishi da balangu? Wa ke kan teburin shayi tun asuba, wa ke gidan burodi? Kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida.

Halal da haram. Gaskiya ne a girkin Faransawa akwai naman alade da giya, ba za mu shigo da su aji ba. Amma sunayensu wajibi ne yaro ya sani: porc, jambon, lardons, vin. Wanda zai yi tafiya yana bukatar ya karanta jikin gwangwani, ya iya tambayar mai abinci, Est-ce qu'il y a du porc? Rashin sanin kalmar shi ne haɗarin.

Sai iyakar hanyar. Tukunya ba za ta koya wa ɗalibi rubuta muƙala ko nazarin adabin Sembène Ousmane ba, ba za ta kuma maye gurbin shirin jarrabawar WAEC da NECO ba. Amfaninta ya fi yawa a matakan farko, inda yaro ke yanke shawarar ko wannan harshe nasa ne ko ba nasa ba. Sau biyu ko uku a zango ya wadatar, in an yi shiri kafin, an kuma bi sawu bayan. Ku ɗalibai da za ku fita koyarwar gwaji, ku fara da haɗin 'ya'yan itace, shi ya fi araha. Ku lura da wanda bai taɓa ɗaga hannu a aji ba, ku rubuta abin da ya faɗa a gaban mai kanti, ku kawo wa malamanku su gani.

A nan zan dakata.   Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, musamman malaman da suka taɓa gwada irin wannan a ajinsu, bisimilla, fili naku ne.